Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Cibiyoyin Ba Da Shawara Kan Iyali Bisa Koyarwar Addini

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, malamanmu, da duk wanda Allah ya ɗora wa jagorancin cibiyar da ke sauraren ma'aurata, sasanta iyali da ba da shawara kan tarbiyya, musamman ku da kuka gina wannan sana'a tare da matanku, 'ya'yanku da ƙannenku, ina gaishe ku da aiki. Allah ya saka muku da alheri kan gidajen da kuka hana rushewa.

Na rubuto ne a matsayin wadda ta yi aiki a ƙarƙashin irinku, kuma har gobe da wannan sana'a take cin abinci. Abin da zan faɗa ya daɗe yana yawo a bakin ma'aikata a bayan idonku, kuma ban ga amfanin maganar da kowa ya sani ba sai wanda ke da ikon gyarawa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Da yawa daga cikinku suna alfahari da cewa a wurinsu babu rigima, kowa ɗan'uwan kowa ne, ba a taɓa jin kan ma'aikata ba. Ina roƙonku ku sake duba wannan shirun. A wurare da dama, ma'aikata sun yi shiru ne saboda babu ƙofar da za su bi su ce "ban yarda ba" ba tare da an ɗauke su marasa tarbiyya ko masu raunin imani ba.

Dalilin a fili yake. A kamfanin da ba na iyali ba, shugaba shugaba ne kawai. Idan an tashi aiki kowa ya kama gabansa. A wurinku kuwa, mutum ɗaya ne mai biyan albashi, shi ne uba ko miji ko yaya ga rabin ma'aikata, kuma shi ne malamin da ake ɗaukar karatu a wurinsa. Tun a shekarar 1978 wasu masana biyu a makarantar kasuwanci ta Jami'ar Harvard, Renato Tagiuri da John Davis, suka zana kasuwancin iyali a matsayin da'ira uku masu shiga cikin juna: iyali, mallaka da aiki. Inda da'irorin suka haɗu sai aka samu matsayi bakwai, kuma kowane matsayi da abin da ya dame shi. Ɗan da yake aiki amma ba shi da hannun jari yana son ƙarin albashi. 'Yar da take da jari amma ba ta aiki tana son a raba riba. Ma'aikacin da ba ɗan gida ba yana son ya san ko akwai ranar da zai yi gaba. Duk wannan kafin a sa addini a ciki. Ku kun ƙara da'ira ta huɗu, kuma ita ce ta fi sauran nauyi, domin mutum yana iya jayayya da maigidansa, da ƙyar yana iya jayayya da mahaifinsa, amma wa zai buɗe baki ya ja da wanda ya gama karanto masa aya?

Bari in nuna muku yadda abin yake daga kujerarmu. An zauna taron mako. An buɗe da addu'a. Malam ya sanar da cewa daga yanzu za a rage tsawon kowane zama da masu neman shawara, domin a samu ganin mutane da yawa a rana. Ya kawo falalar yaye wa musulmi damuwa, ya ce duk wanda aka mayar gida ba a saurare shi ba, hakkinsa yana wuyanmu. Sannan ya ɗaga kai ya ce, "Akwai mai magana?" Babban ɗansa yana duba waya. Matar da ta fi kowa daɗewa a aikin, wadda ta san cewa macen da ake duka a gida ba ta faɗin haka a farkon zama, sai ta gama zagaye-zagaye ta ga an ba ta lokaci, ta gyara mayafinta ta ce, "Allah ya ƙara wa Malam lafiya, hakan ma ya yi." Aka shafa. Kafin a kai ƙofa saƙonni sun fara shiga wayoyi, kuma ainihin taron a can aka yi shi.

Malam bai yi ƙarya ba, falalar da ya kawo gaskiya ce. Amma tsawon zama ba hukuncin shari'a ba ne, tsari ne na aiki, kuma da ya lulluɓe shi da hadisi sai ya rufe bakin wadda ta fi shi sanin abin.

Addinin da kuke aiki da sunansa ya raba waɗannan abubuwa biyu tun farko. Ku da kuke sasanta aure kun fi kowa sanin labarin Barira da ke cikin Bukhari. Da aka 'yanta ta, ta zaɓi rabuwa da mijinta Mugis, shi kuwa yana bin ta a baya yana kuka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mata da ma ta koma masa. Ta tambaya, umurni ne kake ba ni? Ya ce a'a, ceto kawai nake yi. Ta ce ba ta da bukatarsa. Magana ta ƙare a nan, ba wanda ya kira ta mara kunya. Masu tarihin Sira kuma sun kawo cewa a Badar, shekarar 624, Hubab ɗan Munzir ya tambayi Manzo ko wurin da aka sauka wahayi ne ko dabarar yaƙi, da aka ce masa dabara ce sai ya nuna wurin da ya fi, aka kuma tashi aka koma can. Idan baiwar da aka 'yanta jiya tana da damar yi wa Annabi wannan tambaya, me zai hana sakatariyarku ta yi muku?

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne lokacin da ayar shawara ta sauka. Kafin Uhudu, a shekarar 625, ra'ayin Manzo shi ne a tsaya a cikin Madina. Wasu sahabbai, galibi matasa, suka matsa a fita, ya bi ra'ayinsu. Aka fita, aka rasa kimanin mutum 70. A irin wannan hali shugaba na yau cewa zai yi, "Kun gani ko? Daga yau ni zan riƙa yanke hukunci." Amma aya ta 159 a Suratu Ali Imrana cewa ta yi a yafe musu, a nema musu gafara, a kuma ci gaba da shawara da su. A farkon ayar ma aka ce da ya kasance mai kaushin hali da taurin zuciya, da sun watse daga gefensa. Kuna karanta wa mazaje wannan ayar kullum a ɗakin sasanci. Ma'aikatanku suna ji ta bayan ƙofa.

Saboda haka roƙona na farko mai sauƙi ne. Idan za ku yi magana a taro, ku fayyace: wannan hukuncin addini ne, ko kuwa ra'ayina ne na mai gudanar da aiki. Na biyun ku bar shi tsirara, ba aya ba hadisi, domin a iya taɓa shi. Kuma ku riƙa yin magana a ƙarshe. Da zarar Malam ya faɗi nasa, sauran sai amin.

Wannan ba batun jin daɗin ma'aikata kaɗai ba ne. Wata mai bincike, Amy Edmondson, ta yi nazari a asibitoci a shekarun 1990 tana tsammanin sassan da suka fi kyakkyawan shugabanci za su fi ƙarancin kuskuren ba da magani. Sai ta tarar su ne suka fi yawan kuskure a rubuce. Da ta bi diddigi, ta gane cewa su ne ba sa tsoron faɗa idan sun yi, sauran kuwa ɓoyewa suke yi. Ku ɗauko wannan ku ɗora a kan aikinmu. Matashin malami ya ce wa mace ta koma ta yi haƙuri, bayan ta fita ya tuna da tabon da ya gani a wuyanta da yadda take kallon ƙofa duk lokacin da mijin ya motsa. Yana bukatar wanda zai je wa a ranar ya ce, "Ina jin ban duba wannan lamari da kyau ba, me za mu yi?" Idan ya san abin da zai biyo baya wa'azi ne a gaban kowa, zai yi shiru, kuma ba shi ne zai kwana a wancan gidan ba.

Sai maganar 'yan gida da bare, wadda na san ba ta da daɗin ji. Babu laifi mutum ya ɗauki ɗansa aiki. Sau da yawa 'ya'yan ne suka sha wahalar kafa wurin tun ba a samun komai, kuma suna da kishin da kuɗi ba ya saya. Laifin yana farawa ne idan doka ta zama biyu. Ɗan gida ya makara, an ce aike aka yi masa. Bare ya makara, an rubuta. An yanke shawara da dare a gida, da safe a zo a sanar, har ma'aikacin da ya shekara da shekaru ya riƙa jin sabon tsari daga bakin autan Malam. An tura ɗa kwas, an ce wa ƙwararriyar da ta koya masa aiki babu kuɗi bana. Ba wanda zai yi ƙorafi. Masu hazaƙa za su nemi wani wuri su tafi da sallama mai daɗi, ku kuma ku ce zamani ne, yara ba sa zama.

Ma'aunin ɗaukar aiki yana cikin Suratul Ƙasas, aya ta 26, kuma daga bakin mace ya fito: mafi alherin wanda za a ɗauka shi ne mai ƙarfi, amintacce. Iyawa da amana, duka biyu. Tsoron Allah kaɗai bai isa ya sa mutum ya iya lissafin kuɗi ko sauraren mai baƙin ciki ba. Abu Zarri, wanda ba a shakkar imaninsa, ya nemi a ba shi muƙami, Manzo ya dafa kafaɗarsa ya ce masa shi mai rauni ne, abin kuma amana ne, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Idan an iya faɗa wa Abu Zarri haka cikin ƙauna, ana iya faɗa wa ɗan cikinka.

Kuma don Allah ku riƙa rubutawa. Na san abin da ake cewa: tsakaninmu ai ba sai da takarda ba, akwai yarda. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take, kuma muminai aka yi wa magana, mutanen da suka fi mu yarda da juna. Takardar ɗaukar aiki mai bayyana aikin mutum, albashinsa, hutunsa da wanda zai kai wa rahoto, ta kowa da kowa, har uwargida idan tana aiki a wurin. Asusun cibiya daban da aljihun gida. Wanda ya mallaki kashi nawa, a rubuce, da shaidu. Idan kuna karɓar gudummawa don taimakon marasa hali, kuɗin sadaka kada ya haɗu da kuɗin ciniki ko da na kwana ɗaya.

A nan ne zan taɓo kalmar da ta fi kowace cin ma'aikata: "aikin Allah ne." Ana faɗinta idan albashi ya makara, idan an bukaci mutum ranar hutunsa, idan ya nemi ƙari. Haka ne, aikin Allah ne, kuma da yawanmu abin da ya kawo mu ke nan. Amma kuna karɓar kuɗi daga masu zuwa, kuna da rasit, kuna lissafin riba. Ba zai yiwu wurin ya zama kasuwanci idan ana karɓa, ya koma sadaka idan za a biya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ibn Majah ya ruwaito umurnin a biya ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe, Bukhari kuma ya kawo hadisin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar ƙiyama, cikinsu har da wanda ya sa ma'aikaci aiki, ya karɓi aikin cif, ya hana shi ladansa. Idan da gaske babu kuɗi, ku buɗe littafi ku nuna, ku fara rage naku. Za ku sha mamakin irin haƙurin da mutane ke yi idan sun ga lissafi da idonsu.

Akwai wani wuri da iyali da sana'a ke karo, wanda ya fi duk waɗannan haɗari, wato sirri. Mace ta zo ta faɗi abin da ko mahaifiyarta ba ta sani ba. Mai ba da shawara ya rubuta a fayil. Fayil ɗin yana kan teburin karɓar baƙi, inda ƙanen Malam ke zama. Da dare ya ce wa matarsa, "Kin san wa na gani yau?" Ba da mugunta ba, hira ce kawai. Matar tana da ƙawa, ƙawar ta san surukar waccan baiwar Allah. Kafin mako ya zagayo magana ta koma gidan da ta fito, da ƙari. Babu wanda ya yi niyyar cutarwa a cikin wannan jerin, amma aure ya mutu, kuma ta hannun waɗanda aka zo wa neman gyara. Hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya ce wanda aka nemi shawararsa abin amincewa ne. Wannan amana ba ta raba ɗan gida da bare. Fayil a kulle, mabuɗi a hannun wanda aikin ya shafa, labarin mutane kada ya shiga gida, kada kuma ya hau mumbari ko shafin sada zumunta a matsayin misali, ko da an sakaya suna. Masu lamarin da maƙwabtansu suna gane kansu. Idan ɗanka ne ya karya wannan doka, hukuncin da za a yi wa bare shi za a yi masa, kuma ma'aikata su gani. Ranar ce za su yarda cewa 'yan'uwantakar da ake faɗa ta haɗa da su.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: mun gaji, ku ma kun gaji. Wanda ya yini yana sauraren cin amana, duka, saki da kukan yara ba ya komawa gida yadda ya fito. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan ƙonewar da gajiyar aiki ke jawowa a matsayin lamari na wurin aiki, mai alamomi uku: ƙarewar kuzari, jin nisa ko ƙosawa da aikin, da raguwar iyawa. A wurinmu idan ma'aikaci ya nuna haka sai a ce ya ƙara zikiri. Ya ƙara, amma a rage masa kaya, a kuma ware zama na musamman inda masu ba da shawara za su tattauna lamurra masu wuya da wanda ya fi su gogewa. A irin wannan zama ne ake koyon iyakar aiki ma: mai maganar kashe kansa ko mai alamar ciwon damuwa mai tsanani likita yake bukata tare da addu'a, kuma tura shi can ba gazawa ba ce.

'Yan'uwanmu Kirista masu irin wannan sana'a, wasiƙar ta shafe ku daidai wa daida. A Littafin Fitowa sura 18, Yetro ya ga surukinsa Musa yana zaune daga safe har yamma yana yi wa jama'a shari'a shi kaɗai, ya ce masa abin da yake yi ba shi da kyau, zai gajiyar da kansa da mutanen. Ya ba shi shawarar naɗa shugabanni na dubu, na ɗari, na hamsin da na goma, manyan lamurra kaɗai su iso gare shi. Ina ganin wannan cuta ce ta duk wanda ya kafa abu da hannunsa: kowa shi yake nema, shi ma ya saba a neme shi. Sai ka ga cibiya mai ma'aikata goma sha, amma ko sayen takarda sai an jira Malam ya dawo daga tafiya. Raba aiki na gaske shi ne ka ba mutum iko, ya yanke hukuncin da kai ba haka za ka yanke ba, ka kuma ƙyale shi matuƙar bai saɓa ƙa'ida ba.

Daga nan maganar magaji take tasowa, kuma ita ce ake gudu fiye da kowace, don ana ganin kamar kiran mutuwa ne. Ku da kuke zama da iyalan da gado ya raba, kun san abin da rashin magana ke haifarwa. Hannun jari ana gadonsa bisa rabon da shari'a ta tsara, amma iya jagoranci ba ya cikin abin da ake rabawa. Lokacin da aka soki Sayyidina Umar a shekarar 644, ya bar zaɓen halifa a hannun mutum shida, ya ce ɗansa Abdullahi ya halarta amma ba shi da rabo a mulkin, alhali Abdullahi yana cikin manyan masana na sahabbai. Ban ce ku hana 'ya'yanku ba. Cewa na yi ku raba tambayar wa zai mallaka da tambayar wa zai jagoranta, ku amsa su tun kuna da lafiya. Ku nemo mutum biyu ko uku daga waje, waɗanda ba sa cin albashinku kuma ba sa jin nauyin faɗa muku gaskiya, su zauna tare da ku a kan wannan. Ku faɗa wa ma'aikata sharuɗɗan da za a bi, domin ɗan gida ya san sai ya cancanta, bare kuma ya san ko ƙofar a buɗe take gare shi ko a rufe. Idan a rufe take, ku gaya masa tun yanzu, ya san yadda zai tsara rayuwarsa.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya yi riƙo da hannayenku.

Wassalam.

'Yarku,
Wata mai ba da shawara kan zamantakewar iyali